Basasar Kano da ta Salaga: Yadda Ake Tunawa da Yaƙin 'Yan Gida Ɗaya

Idan aka ce yaƙin basasa a gaban Bahaushen yau, ko a Fagge yake zaune ko a Komah ta Sokode, hankalinsa Biyafara zai tafi, wato yaƙin Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Ba kowa zai tuna ba cewa shekara 74 kafin wannan Kano ta yi tata basasar, inda 'ya'yan wa da ƙani suka zare wa juna takobi a kan gadon Dabo. Shekara guda kafin ta Kano kuma, a 1892, an yi wata a Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda ta watsa babbar kasuwar goron da fataken Hausa suka dogara da ita. Kano da Salaga su ne bakin hanya guda, nan da can, kuma ta ƙasar Kotokoli hanyar ta ratsa. Don haka maganar ta shafi mutanen arewacin Togo kai tsaye.

Yanzu da gwamnatoci da masarautu suke ta batun raya wuraren tarihi don jawo baƙi, tambaya ta taso: shin irin waɗannan yaƙe-yaƙe ma abin nunawa ne? Wasu da sun ji an ce za a tuna da yaƙi, sai su ɗauka biki za a yi, a yi kiɗa a yi sukuwa. Wasu kuma gani suke tonon silili ne kawai, a tayar da gabar da ƙasa ta riga ta rufe. Ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba, kuma kowannensu da irin amfaninsa da irin haɗarinsa.

Ma'anar kalmomin

Basasa ita ce yaƙi tsakanin mutanen ƙasa ɗaya da ke ƙarƙashin sarauta ɗaya. Ta bambanta da jihadi, wanda ake ɗaga tuta dominsa da hujjar addini, ta kuma bambanta da hari, wanda mahaya ke kaiwa wata ƙasa don ganima da bayi. Malamai sukan kira ta fitina. Abin da ya sa ta fi sauran wuyar tunawa shi ne, bayan an gama, wanda ya ci da wanda aka ci gari ɗaya za su ci gaba da zama, masallaci ɗaya, sau da yawa ma kaka ɗaya.

Hanya ta farko ta tunawa ita ce baje kolin tarihi, wato a tara kayan zamanin, kamar sulke, lifidi, wasiƙu, taswira da hotuna, a jera su da bayani a gidan tarihi. Gidan tarihi shi ne abin da 'yan boko a Nijeriya ke kira miziyam, masu Faransanci a Togo da Nijar kuma su ce muze. Ta biyu ita ce ziyarar wuraren tarihi: a ɗauki mutane, da ɗan jagora mai ilimin abin, a kai su inda aka yi abin da ƙafarsu, ƙofar gari ce ko fagen daga ko kushewa. Ta uku ita ce kwaikwayon tarihi, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da tarihi mai rai: mutane su sa tufafin zamanin, su riƙe kayan aikinsa, su nuna yadda aka yi girki ko ƙira ko tafiyar ayari, wani lokaci har su kwaikwayi gumurzun kansa.

Akwai kuma kalmar daba, wadda ake yawan jingina wa hawan sallah. Daga Indiya Turawan Ingila suka zo da ita, inda take nufin zaman fada, amma hawan dawakin ya girmi zuwansu nesa ba kusa ba. UNESCO kuwa, da za a ambata a gaba, ita ce hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu.

Abin da ya faru a Kano, 1893 zuwa 1895

Tushen rigimar yana cikin gidan Sarki Ibrahim Dabo. Ɗansa Abdullahi, wanda ake kira Maje Karofi, ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, ya bar 'ya'ya masu yawa, da dama a cikinsu riƙe da sarautu da garuruwa. Da ƙaninsa Muhammadu Bello ya gaje shi, sai ya shiga tuɓe 'ya'yan wansa da barorinsu yana naɗa nasa, har ya ba ɗansa Tukur sarautar Galadima. Kowa a birni ya gane inda aka dosa. Babban 'ya'yan Abdullahi a idon jama'a shi ne Yusufu, wanda shi ma ya taɓa riƙe Galadima a zamanin mahaifinsa, kuma a kansa 'yan'uwansa suka haɗu.

Sai Sakkwato ta shigo ciki. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau a 1891 kuma ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafinsa, ya kai yaƙi Argungu bai ji da daɗi ba, amma Tukur ya nuna jarumtaka a wannan fita, abin da ya sa ya shiga ran Sarkin Musulmi. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano. Umarni ya zo masa a naɗa Tukur, ya naɗa shi, duk da sanin cewa yawancin masu faɗa a ji Yusufu suke so. Yusufu da 'yan'uwansa da bayin sarki masu yawa suka fice daga birni suka nufi Takai, kudu maso gabas da Kano, suka kafa sansani. Daga nan aka sami Yusufawa da Tukurawa.

Yusufawa suka bi garuruwan gabas da kudu, wasu da lallashi wasu da ƙarfi. Harinsu na farko a kan birnin bai yi nasara ba, kuma an kashe da dama cikin waɗanda aka kama. Yusufu kansa bai ga ƙarshen abin ba, domin ya rasu a Garko a 1894. Aka miƙa jagoranci ga ƙaninsa Aliyu Babba, wanda Kanawa ke kira Alu, kuma zaɓen nasa akwai lissafi a ciki: mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, saboda haka zai yi wa Sakkwato wuya ta ƙi jininta har abada. A damunar 1894 Yusufawa suka shiga Kano, Tukur ya fita zuwa Kamri a ƙasar Katsina. Sarkin Musulmi ya nemi sauran sarakuna su taimaki Tukur, yawancinsu suka yi ta jan ƙafa. A watan Maris na 1895 aka yi karon ƙarshe a Tafashiya, inda Tukur ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Daga baya Sakkwato ta amince da Alu.

Wannan shi ne labarin sarakuna, kuma shi aka fi sani. A ƙarƙashinsa akwai wani. An ƙone ƙauyuka, an kwashe hatsi da dabbobi, an kama Musulmi 'yantattu an sayar a matsayin bayi, abin da shari'ar daular kanta ta hana. Gidajen da suka goyi bayan wanda aka kayar sun rasa sarauta da gonaki da gidaje. Bayin sarki masu riƙe da muƙaman Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, waɗanda su ne ke da bindigogi, sun fito daga yaƙin da ƙarfin da ba su taɓa samu ba. Fatake ma abin bai bar su ba: masu rubuta tarihin Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, sun kawo cewa Agalawa da dama sun bi Tukur, kuma shi da 'yan'uwansa an kama su sai da suka fanshi kansu. Baturen Ingila C. H. Robinson, wanda ya iso Kano a Disambar 1894, watanni kaɗan bayan Alu ya shiga gari, ya rubuta abin da ya gani na cinikin bayi a kasuwar birnin.

Shekara takwas bayan Tafashiya, ranar 3 ga Fabrairu 1903, sojojin Ingila suka fasa Kano. Alu ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja, ya rasu a 1926. Amma sarauta ba ta bar gidan da ya yi nasara ba. Abbas da Usman da suka biyo baya 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ne, kuma duk wanda ya hau gadon Kano daga lokacin zuwa yau daga wannan tsatso ya fito. Wannan shi ya sa labarin Tukurawa ba shi da fadar da za ta riƙe shi.

Salaga, da yadda ta taɓa Togo

Ayarin goro yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega, ya haye Kwara, ya bi ta Nikki da Jugu a ƙasar Benin ta yau, ya shiga ƙasar Kotokoli, sannan ya gangara Salaga. Wani reshen hanyar ta Sansanne-Mango yake bi, kudu da Dapaong. Tafiya ce ta watanni, da madugu da jagaba da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a dawo da huhunan goro. Unguwar Didawure a Sokode, inda Musulmi 'yan kasuwa da malamai suka taru, wannan zirga-zirga ce ta raya ta.

Salaga ta fara rauni tun 1874, lokacin da Ingila ta karya Asante, hanyar goro ta fara karkata zuwa Kintampo. Abin da ya ƙarasa ta rigimar gadon sarautar Kpembe ce, garin sarakunan da ke mulkin Salaga. Gidaje uku ke karɓa-karɓar sarautar, sai gidan Kanyase ya ga an daɗe ana tsallake shi. A 1892 Kabachewura Isifa na gidan Kanyase ya nemo taimakon mayaƙa daga ƙasashen Dagomba da Nanumba, ya kori Sarki Napo, aka washe Salaga. Baƙin garin, Hausawa da Wangarawa da Barebari, waɗanda ba su da hannu a gadon, su suka fi kowa asara. Suka watse zuwa Yeji da Kintampo da Ankara, da yawa kuma suka koma Kete-Krachi, wadda ta faɗa hannun Jamus ta zama yanki na Togo ta wancan zamani.

Cikin waɗanda suka koma can har da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya zama limamin Kete-Krachi, ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da ajami a kan abubuwan da ya gani, har da rikicin Salaga da zuwan Turawa, kuma jami'in Jamus Adam Mischlich ya karɓi rubuce-rubuce da dama daga hannunsa. Wani Bajamushe, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa, yana zaune a Salaga lokacin yaƙin kuma ya aika da rahotonsa gida. A 1967 J. A. Braimah, ɗan gidan sarautar Gwanja, da Jack Goody suka fitar da littafi a kan rikicin. Shaida dai akwai ta. Wurin ne wani ɓangarensa ya tafi: tsohuwar Kete-Krachi ruwan tafkin Volta ya shanye ta bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.

Yadda ake tunawa a yanzu

A Kano, Gidan Makama, wanda asalin gininsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, kuma cikin ɗakunansa akwai sashen da ya taɓo basasar. A rubuce akwai littafin Adamu Mohammed Fika na 1978 a kan yaƙin da mulkin Ingila da ya biyo baya, da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano kuwa, wanda aka fi ambato, a kan Muhammadu Bello ya tsaya, daf da fara rigimar. Bayan waɗannan, sauran labarin yana bakin tsofaffi da maroƙa da gidajen da abin ya shafa.

Abin da jama'a suka fi gani da ido shi ne hawa. Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa da na Ɗorayi ko Fanisau, da 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan bindiga masu cika iska da hayaƙin albarushi, duk tsarin rundunar ƙarni na 19 ne ake fito da shi. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Wannan kwaikwayon tarihi ne tun kafin a ƙirƙiro masa suna. Sai dai hawa mubaya'a ce ga sarki mai ci. Yana nuna yadda runduna take, ba ya faɗin wanda ta taka.

Haka abin yake a Sokode. Sarautar Tchaoudjo ta Kotokoli, waɗanda ke kiran kansu Tem, tana zagayawa ne tsakanin garuruwan dangin Mola, ciki har da Komah da Kparatao da Kpangalam da Tchavadi da Kadambara. A ƙarshen ƙarni na 19 Uro Jobo Bukari na Kparatao ya ƙarfafa ta da rundunar mahaya da ake kira Semasi, ya kuma ƙulla hulɗa da Jamusawa. Bikin Adossa-Gadao yana ɗauke da gadon waɗannan mayaƙa. Mahaya kan fito da rawuna da dawakai cikin ado, samari kuma su shiga fili da wuƙaƙe tsirara, suna goga kaifin a ciki da wuya da damtse, mata na guɗa, don nuna cewa maganin ƙarfe ya kama. Duk wanda ya san 'yan tauri a ƙasar Hausa zai gane abin nan take. Biki ne mai ƙayatarwa, kuma yana haɗa kan gari. Amma Semasi hari suke kaiwa, kuma ƙauyukan da suka sha harin suna nan kusa, jikokinsu suna cin kasuwa ɗaya da jikokin mahayan.

Ɗaya fuskar labarin tana arewa, kusa da Dapaong. A jikin dutsen Nok da na Mamprug, a yankin Tandjouare (wannan Nok ɗin daban take da ta jihar Kaduna), akwai ƙananan rumbunan laka fiye da ɗari da aka gina a cikin tsagar dutse, a wurin da sai an sauka da tsani ake isa. Nan mutanen yankin, musamman Moba, suke ɓuya da hatsinsu da 'ya'yansu idan mahara suka taso, har zuwa ƙarni na 19, kuma an fi danganta hare-haren da Cakosawan Mango. Mai ziyara zai ga bakin rumbu wanda da ƙyar hannu da kai za su shiga, da baƙin hayaƙi a rufin kogon, da ruwan da ke tsattsafowa daga dutse wanda shi ya sa zaman ya yiwu. Tun shekarar 2000 Togo ta sa wurin a jerin da take fatan UNESCO ta karɓa. A ganina babu wani wurin tarihi a wannan yanki da ya kai shi faɗin gaskiyar yaƙi, domin daga wajen wanda ya gudu yake ba da labarin.

A arewacin Ghana kuma, Bulsawan Sandema suna bikin Feok kowace Disamba, da rawar yaƙi da huluna masu ƙaho, don tuna yadda kakanninsu suka kori Babatu da mayaƙansa Zabarmawa. Ya kamata mai karatu Bahaushe ya san cewa a irin wannan fili, Musulmi mai doki da rawani shi ne maharin da ake tuna korarsa.

Misali mafi kusa da sulhu shi ne Argungu. Bikin kamun kifin garin ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara don rufe gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Ranar sulhun aka riƙe ake tunawa, makaman kuma aka ajiye su a gidan tarihi na Kanta.

Darasi daga Amurka

Ƙasar da ta fi kowa nisa a wannan harka ita ce Amurka, wadda ta yi basasarta daga 1861 zuwa 1865 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu a kan bauta. An daɗe ana cewa mutum 620,000 suka mutu, wani bincike na 2011 ya kai adadin kusan 750,000. Kimanin bayi miliyan 4 suka sami 'yanci. Filayen daga irin su Gettysburg, inda aka gwabza daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, hukuma ce ke kula da su, da 'yan jagora masu lasisi, kuma dubban mutane na ɗinka kakin zamanin da kuɗinsu su je su kwana a tanti su kwaikwayi faɗan.

Duk da wannan ƙoƙari, an shafe shekaru ana nuna jarumtakar ɓangarorin biyu ana tsallake dalilin yaƙin. A 1913 tsofaffin sojoji fiye da 50,000 na Arewa da Kudu suka taru a Gettysburg suka yi musabaha, amma batun bauta da na baƙaƙen fata kusan 180,000 da suka yi wa rundunar Arewa yaƙi bai sami wuri ba. A 1961, wajen taron cika shekara 100 a Charleston, otal ɗin taron ya ƙi saukar da wata wakiliya baƙar fata, sai da Shugaba Kennedy ya sa baki. Sai wajajen shekarar 2000 aka fara shigar da bayanin bauta sosai a filayen dagar, kuma bukukuwan cika shekara 150, daga 2011 zuwa 2015, sun fi na baya faɗin gaskiya. Rigimar ba ta mutu ba: an zubar da jini a Charlottesville a 2017 a kan mutum-mutumin Janar Lee na rundunar Kudu, an kuma sauke wani nasa a Richmond a 2021.

Cikin sojojin da aka manta da su har da ɗan Kukawa ta Barno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro aka ƙetara da shi Sahara, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1873.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta suna da hujja mai nauyi. Ta fuskar addini, malamai suna horo da kame baki daga aibata mamata da kuma tona fitinar da ta wuce tsakanin Musulmi. Ta fuskar zaman yau, sarautar Kano tana cikin taƙaddama: an raba masarautar gida biyar a 2019, an tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II a 2020 aka naɗa Aminu Ado Bayero, aka soke dokar a 2024 aka mayar da Sanusi, kuma tun daga nan an dakatar da hawan sallah fiye da sau ɗaya saboda tsaro. A irin wannan yanayi, duk wanda ya fito da 'yan wasa a matsayin Yusufawa da Tukurawa, 'yan kallo za su fassara shi da siyasar yau ko ya so ko bai so ba. Akwai kuma batun asali. Har yanzu kalmar bawa tana hana aure a wasu gidaje, a Kano da Sokode da Salaga baki ɗaya, kuma allon bayani da ya ambaci sunan gida zai iya zama abin gori ga yaran da ba su san hawa ba balle sauka.

Masu cewa a nuna su ma ba da wasa suke ba. Suna cewa shiru bai goge labarin ba, ya dai bar shi a hannun maroƙa da 'yan siyasa da masu yaɗa guntayen bidiyo a Facebook da TikTok, kowa da irin son ransa. Suna kuma kafa hujja da cewa Alƙur'ani ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don ganin yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Matashin da ya san yadda naɗi ɗaya da aka yi ba da yardar jama'a ba ya jawo ƙone ƙauyuka da sayar da 'yantattu, zai kalli rigimar sarauta da wani ido daban.

Kashi na uku su ne masu kallon abin ta fuskar kasuwa: baƙi za su zo, masu masauki da masu mota da maɗinka da masu dawaki za su samu. Gaskiya ne, amma baƙo abin da ya fi ɗaukar ido yake biya, kuma sukuwa ta fi rumbun laka ɗaukar ido. Idan kuɗi ne kaɗai ke jan ragama, labarin mahayi ne zai ci gaba da danne na wanda aka kora.

Abin da ya fi dacewa, a nawa hange, shi ne a bambanta hanyoyin nan uku. Baje koli da ziyara sun dace da basasa, domin suna ba da damar a ajiye bayanin ɓangarori biyu gefe da gefe, a kuma sa na talaka da bawa da mace da baƙon ɗan kasuwa. Kwaikwayon gumurzu bai dace da ita ba a yanzu, domin dole wani ya faɗi a fili jama'a su yi shewa, kuma wanda ya faɗin kakan wani ne a cikin 'yan kallo. Kwaikwayo yana da wurinsa a wani fannin: saukar ayari a zango, yadda madugu ke sasanta kuɗin fito da sarkin gari, ɗaurin huhun goro, ƙirar sulke, ɗinkin lifidi. Rashin al'adar kafa mutum-mutumin sarakuna a ƙasashen Musulmi ma sauƙi ne a nan, don ya raba mu da irin rigimar da ta addabi Amurka.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka yi abin da tsari, hanyar ziyara a Kano a shirye take: daga Gidan Makama zuwa ƙofofin ganuwa, sannan Wudil da Garko da Takai, duk tafiyar yini guda. Ganuwar kanta, wadda ke jerin jiran UNESCO tun 2007, gine-gine da masu ɗibar ƙasa suna cin ta kullum, kuma ziyara mai ɗorewa na iya sa a ga darajar abin da ya rage. A Togo akwai gidan tarihi na yanki a Sokode da wani a Dapaong, waɗanda za su iya ɗaukar baje koli a kan hanyar goro da watsewar Salaga, da bayani cikin Faransanci da Tem da Hausa, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Kara da cibiyar nazarin Afirka ta Legon a Ghana, inda aka adana kwafin rubuce-rubucen Alhaji Umaru.

Cikas na farko tsaro ne. Tun Yunin 2022 yankin Savanes, inda Dapaong da duwatsun Nok suke, yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga daga iyakar Burkina Faso, kuma mutanen da kakanninsu suka ɓuya a kogo wasunsu yau gudun hijira suke yi. Na biyu shi ne wanda zai rubuta bayanin. Idan fada ce kaɗai ta rubuta, ko ma'aikatar yawon buɗe ido kaɗai, za a sami labari mai santsi wanda gidajen da aka kayar ba za su gane kansu a ciki ba. Kwamitin da zai yi aikin yana bukatar malaman jami'a da malaman zaure da wakilan zuriyar kowane ɓangare, da ƙa'ida bayyananniya cewa ba za a ambaci asalin bautar wani gida ba sai da yardar masu gidan.

Na uku lokaci ne, kuma shi ya fi gaggawa. Wanda yake saurayi a 1894 ya kai shekarun 1960 da rai, jikan da ya zauna a gabansa ya ji labari daga bakinsa yanzu ya haura saba'in. Irin waɗannan tsofaffi suna nan a Takai da Garko da Bebeji, a Didawure da zangon Mango da sabuwar Kete-Krachi, maza da mata, kuma matan sukan riƙe abin da mazan ba sa faɗa, kamar wadda aka kama da wadda aka fansa da wadda ba ta dawo ba. Ɗaukar muryarsu ba ya bukatar gini ko kasafin gwamnati. Wayar hannu ta isa, da ɗalibi mai ladabi wanda ya san yadda ake gaida manya, da wurin ajiya a Gidan Ɗan Hausa na Kano ko gidan tarihin Sokode inda za a rubuta sunan mai magana da garinsu da ranar da aka ɗauka, a kuma tambaye shi abin da ya yarda a fitar da abin da yake so a rufe sai bayan ransa.